Sunan da Mahmuda Ya Ara

Mahmuda ɗan kawuna ne, taubashina, don haka in na zage shi a cikin labarin nan kada kowa ya sa mini baki. Ni sunana Dija. A Gummi aka haife ni, a nan na yi aure, kuma shekara da shekaru ni ce mai ba da hayar littattafan Hausa a unguwarmu. Akwatin ƙarfe gare ni a ƙarƙashin gado, cike da su. Mace za ta shigo kamar ta zo aron rariya, ta fita da littafi a cikin hijabi, ta dawo da shi bayan kwana biyu da tabon miya a shafi na tsakiya, ta kuma rantse haka ta karɓe shi. Sana'ar nan ta koya mini kada in yarda da rantsuwar kowa.

Mahmuda bai san Innarsa ba. Yana goye ta rasu. Kawuna masunci ne, bai sake aure ba, sai ya ɗauki yaron ya tafi da shi bakin gulbi. A can ya girma, cikin bukkokin masunta, tsakanin maza zalla, da hayaƙin banda da ƙarnin kifi. Sai lokacin makaranta yake shigowa gari. Da ya gama firamare kowa ya zaci komar kamun kifi zai riƙe kamar ubansa, sai ya ce shi ruwa ba ya yi da shi. Ya tafi Gusau ya koyi gyaran rediyo, ya dawo ya kafa rumfa a bakin kasuwa, ya auri Hasana, yarinya mai haƙuri. Shekaru suka tura, Allah bai ba su haihuwa ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Mutum ne marar magana. Za ka same shi a rumfa ya sunkuyar da kai kan cikin rediyo, mutane na hira a kan bencinsa, shi bai ce uffan ba, amma kunnen nan a buɗe yake. Ni dai mai shiru irin wannan ban taɓa sakin jiki da shi ba, ko da ɗan'uwana ne. Lokaci-lokaci yakan tafi Kano sayo kayan gyara, ni kuma in haɗa shi da saƙon littattafai. Shi ya san rumfunan masu sayar da su, shi yake ɗauko mini sababbi a cikin kwali ɗaya da batura da wayoyi.

A shekarun nan littafi ya yi kasuwa. Sirara ne, na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke maka labari daidai inda numfashinka ya tsaya, ka yi ta jira. Kuma matan da ke zuwa wurina tambayarsu ta farko ita ce wa ya rubuta. In mace ce, a karɓa da rawar jiki. In namiji ne, a taɓe baki a ce ba su san zafin zaman gida ba. Na sha faɗa wa Mahmuda haka, in ce ya daina kwaso mini na maza suna kwantai a akwati.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, bayan damina, ya dawo daga Kano ya shigo gidana ya ajiye kwali. Na kawo masa fura. Ya zaro wani littafi daga aljihun rigarsa, ba daga kwalin ba, ya miƙo mini.

"Ga wani sabo nan. Wai ɗiyar garin ga tar rubuta shi."

Na karɓa na duba. Sunan littafin *Hamida 'Yar Masunta*, na ɗaya. A ƙasa an rubuta Ramlatu Malam Gummi.

"Wace Ramlatu?"

"Ni ina nis sani? Haka nig gane shi a rumhwa."

Ya kafa kai a kwanon fura kamar ya kwana bai ci ba.

Gaskiya littafin ya yi daɗi, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Labarin wata yarinya ce Hamida da ta tashi a bakin gulbi, da saurayinta mai fito da kwalekwale. Babu batsa a ciki ko kaɗan, sai dai akwai wurin da suka shiga kwalekwale su biyu suna hira har suka kai tsakiyar ruwa. Gulbin namu ne, fadamar tamu ce, har ƙamshin shinkafar da ake turarawa sai ka ji kamar yana tashi daga takardar. Cikin mako guda littafin ya zaga gidaje har bangonsa ya rabu. Mata suka fara raɗe-raɗi. A Gummi Ramlatu ba ɗaya ba ce, amma Ramlatun da ake haɗawa da Malam guda ce, wato Malama Ramlatu 'yar Malam Abdulwahabu.

Malama Ramlatu mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta dawo gidan mahaifinta. A tsakar gidan ta buɗe makarantar matan aure, daga azahar zuwa la'asar. Irinmu da muka girma da sallarmu a karkace, ita ta zaunar da mu ta gyara mana, ta ɗora mu kan Alƙur'ani baƙi-baƙi. Tabarmi sukan cika har bakin rijiya. Makarantar nan ita ce mutuncinta, ita ce ta sa ba a kallonta a matsayin bazawarar da ta dawo gida cin tuwon uba. Ni ma ɗalibarta ce. Kuma ba zan ɓoye ba, kwanakin farko har ni na riƙa satar kallon yatsunta ko zan ga tabon biro.

Abin da ya cire mini ita daga rai yana kusa da ƙarshen littafin. Hamida ta yi aure ta haihu. Sai marubuciyar ta ce wai da gari ya waye mai jego ta ɗauki bokitin ruwa mai ɗumi-ɗumi da soso da sabulu mai ƙamshi ta shiga bayi, ta fito ta shafa hoda. Wai kuma kashegarin suna ta ɗauki tulu ta nufi gulbi ɗiban ruwa.

Innalillahi! Na ajiye littafin na yi dariya har na ƙware. Ruwa mai ɗumi-ɗumi? Wace mai jego? Duk macen da ta taɓa haihuwa a ƙasar nan ta san tukunyar da ake girkawa a murhu ruwa na tafarfasa, ta san damin ganyen darbejiya da ake tsomawa a fyaɗa mata a jiki tana ihu ungozoma na cewa ta yi shiru, safe da yamma har a yi arba'in. Ta san kunun kanwa, ta san gadon ƙasa da ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Ƙofar gida ma ba ta leƙawa, balle gulbi. Malama Ramlatu ta sha wannan ruwan sau shida. Ko a mafarki ba za ta rubuta ɗumi-ɗumi ba.

Duk matan da suka karanta sun gane. Wata ta ce budurwa ce ta rubuta, wata ta ce baƙuwa ce. Ni na ce a raina budurwa ma tana ganin yayyenta da Innarta. Wannan aikin namiji ne, kuma namijin da bai taɓa kwana a gidan da ake jego ba. Irin wannan namijin ba su da yawa a gari.

Sai na fara lura da taubashina. Shekara nawa yana kawo mini littattafai, bai taɓa tambayata yadda aka ji wani ba. Amma wannan, duk shigowar da zai yi sai ya kewaya ya kewaya ya ce, "Mi mata ka cewa game da wanga na ɗiyar masunta?" In na ce sun yaba, sai ya hau sosa ƙeya yana kallon kaji.

Ran nan na ce bari in gwada shi. Ya zauna, na zuba masa ruwa, na ce, "Littahin ya yi, amma wagga Ramlatu jaka ta. Ba ta san wankan jego ba."

Ya dire kofin ruwan.

"To yaya aka yin shi?"

"Kai kuma mi ya dame ka? Haihuwa za ka yi?"

"A'a, tambaya dai."

Na kwashe komai na faɗa masa, tukunya, ganye, kunu, gado. Yana ji yana gyaɗa kai, leɓensa na motsi kamar mai hadda. Daga ƙarshe na ƙara masa da nawa. Na ce ai kuma dole a jefa ƙwan zabuwa guda a cikin tukunyar ruwan ya dahu, mai jego ta ɓare ta cinye a tsaye kafin ta ɗaura zane, in ba haka ba nono ba ya kawowa. Ƙarya ce na shirya a wurin, babu inda ake yin haka a duniyar Allah. Ya ce, "Ikon Allah," ya tashi ya tafi.

Ana nan, sai abin ya fita daga hannun mata. Wani gidan rediyo da muke kamawa ya fara karanta littafin da hantsi, kuma kullum kafin a fara sai mai karatun ya ja sunan, Ramlatu Malam Gummi. Maza suka ji a majalisa, suka ji a rumfunan kasuwa, wasu ma a rediyon da Mahmuda ya gyara musu. Lokacin kuwa gari a tsarge yake, kowa na duban ɗan'uwansa ya ga wa ke wasa da addini. Ranar da aka karanta wurin kwalekwalen nan, kafin la'asar zance ya gama unguwa. Wai matar da muka ba amanar iyalanmu, ashe tatsuniyar soyayya take rubutawa. Wai wa ya san abin da take karanta musu in an rufe ƙofa.

Wani mai suna Shitu, dillalin shinkafa, shi ya fara hana matarsa zuwa. Wasu suka bi. Tabarmar da ke bakin rijiya aka daina shimfiɗa ta, sannan ta kusa da ita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk matan nan sun san ba ita ba ce, kuma hujjar na bakinsu. Amma wace ce za ta buɗe baki? In ta ce wa mijinta ai an yi kuskure a wankan jego, ta tona wa kanta asiri ke nan cewa ta karanta, kuma daga nan sai akwatina. Ban da haka ma, wace mace ce za ta zauna gaban namiji tana zancen yadda ake mata wanka? Kunya ba za ta bari ba. Haka kowace ta ja bakinta ta yi gum, ana cin naman baiwar Allah a waje.

Ita Malama sau ɗaya ta yi magana. Bayan an shafa fatiha ta dube mu ta ce, "Abin da aka hwaɗi ya zo kunnena. Ban rubuta ba, ban ma taɓa ganin shi ba." Ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake tayar da zancen ba. Amma na ga yadda take kallon ƙofar zaure duk lokacin da aka yi sallama, ta ga ko wata ce ta dawo.

Sai ga na biyu ya fito. Mahmuda bai miƙo mini shi hannu da hannu ba, a cikin kwali ya cusa shi can ƙasa. Na bar girki a kan wuta na hau buɗe shafuka. A tsakiyar littafin ƙanwar Hamida ta haihu, ga tukunya, ga darbejiya, ga kunun kanwa, komai daidai yadda na faɗa. Sai ga ƙwan zabuwa. Har da cinyewa a tsaye.

Ban yi dariya ba wannan karon. Na aika gidansa na ce ina nemansa. Da ya shigo na jefa masa littafin a ƙirji.

"Sannu, Ramlatu."

Ya tsaya kamar an dasa shi.

"Dija, mi kika nuhi?"

"Ƙwan zabuwa nika nuhi, munahuki! A bakina kaɗai ya taɓa hita, kuma a kunnenka kaɗai ya shiga. Zamna!"

Ya zauna a kan turmi. Bai yi musu ba, wannan kam na ba shi. Ya ce tun yana yaro a bakin gulbi yake shirya labarai a kansa, ba shi da wanda zai faɗa wa. Da ya buɗe rumfa, in kasuwa ta yi sanyi tsakanin azahar da la'asar, sai ya riƙa rubutawa a bayan teburi, in wani ya zo ya ɗora rediyo a kai. Hasana ma ba ta sani ba. Da ya gama na ɗaya ya kai wa wani mai buga littattafai a Kano. Mutumin ya karanta a tsaye, ya ce labari ya yi, amma sunan namiji ba ya tafiya a kasuwa yanzu, ya kawo sunan mace ko ya kwashe takardunsa. Shi kuma ya faɗi sunan da ya fara zo masa a baki. Mutumin ne ya ƙara Malam, wai iyaye sun fi barin 'ya'yansu su karanta in sun ga marubuciyar 'yar gidan malamai ce. Ya sayar masa da labarin gaba ɗaya, duk kashin da ya gama ya kai, ko kwafin hannunsa ba a mayar masa.

"Sunan da ya hwara zo maka," na ce. "Duk matan duniya, Aishatu ba ta zo ba, Hasanarka ba ta zo ba, sai Ramlatu?"

"Wallahi haka nan ya zo."

"Kai da wallahinka. Ka san makaranta ta watse?"

"Na ji."

"Ka ji! Kana zamne kana ɗaure waya, kana ji ana yanka baiwar Allah a kan bencinka, ka ji!"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in yi masa rai. Na uku yana wurin mai buga keken rubutu. In ya fito ya ce shi ne, mutumin Kano zai yar da shi, don sunan ya mutu ke nan. Kuma yaya zai yi da mazan kasuwa, a ce ƙato da gemu ya ɓuya a bayan sunan mace? Ya ce, "Dija, a rayuwata ban taɓa yin abin da mutane sunka yaba ba sai wanga. Ɗiya ban samu ba. Shi kaɗai gare ni."

Na ji tausayinsa, ba zan ce ban ji ba. Amma haushi ya fi yawa. Na ce ko ya je gaban Malam Abdulwahabu da ƙafarsa, ko ni in ɗauki mayafi in je, in ya so akwatina ya ƙone tare da gemunsa.

Ya yi ta ja. Yau ya ce gobe, gobe ya ce Malam ba ya jin daɗi. Har ya daina bin layinmu. Ni kuma kullum in je makaranta in ga an ƙara raguwa. Sai wata ranar Laraba, muna cikin karatu, muka ji sallamarsa a zaure. La'asar ta kusa, lokacin da dattawan unguwa ke taruwa wurin Malam. Zauren da tsakar gida ƙyauren kara ne kawai a tsakaninsu, duk abin da aka faɗa muna ji. Malama ta ɗaga hannu, muka yi shiru.

Ya gaida Malam, ya gaida jama'a. Sannan ya ce, "Allah shi gafarta Malam, laihi nir yi, shi niz zo in hwaɗi. Littahin ga da aka ta magana, ni nir rubuta shi. Malama ba ta san komi ba."

Sai wani ya fashe da dariya, saura suka kama. Wani ya ce to Ramlatu, yaushe za a sa lalle. Na ji daɗi a raina, na ce su yi ta yi masa dariya har shekara, in dai za a bar baiwar Allah ta huta. Na dubi Malama, na ga ta sauke numfashi.

Shitu ne bai yi dariya ba. Na ji muryarsa ya ce, "Ina shaida? Kawo takardun mu gani."

"Suna Kano, ba a maido min ba."

"To. Mu ɗauka kai na. Mi ya haɗa ka da sunanta?"

"Haka nan ya zo min a baki."

"Haka nan."

A nan ne tsoho Dodo ya yi gyaran murya. Dodo abokin kawuna ne tun suna su tare, ya tsufa har ba ya gani sosai, kuma ban yi zaton da mugunta ya yi maganar ba. Tsufa ne kawai, abin da ya tuna sai ya faɗa. Ya ce, "Wanga ba ɗan Gambo masunci na ba? Ai ni nir raka uban shi zauren ga, shekarun baya, munka zo nema ma yaron ga auren Ramlatu. Malam yac ce an riga an yi mata miji. Gambo yaj ji kunya, yac ce kar in hwaɗa ma kowa."

Wallahi ni kaina ban taɓa jin wannan ba, ga shi kawuna ne. Na ji kamar an watsa mini ruwa.

Dariya ta ɗauke ɗif. Malam ya ce a hankali, "An yi haka." Sai gunaguni ya tashi. Na ji Shitu yana cewa ai yanzu zance ya fito fili. Da, su sun zaci ita kaɗai ce. Ashe su biyu ne, ita ta tsara, shi ya kai Kano, yau kuma ya zo ya rufa mata asiri. Wani ya ce to a ina suke haɗuwa. Mahmuda ya hau rantsuwa, ya ce a kawo Alƙur'ani. Ba wanda ya tashi ya ɗauko. Malam ya ce a tashi a yi salla.

Na juya wurin Malama. Ta ƙura wa ƙyauren ido, hannunta na kan shafin da muke karantawa. Ta ce, ba da ni ba, ba da kowa ba, "Ni ko labarin neman ga ban taɓa ji ba."

Mahmuda bai ƙara wata uku a Gummi ba. Sunan Ramlatu ya bi shi kasuwa, masu kawo gyara suka koma wani wuri, ba don sun tabbatar da komai ba, sai don kada a gan su a bencinsa. Mutumin Kano da ya ji labari ya fitar da na ukun da sunan wata mace daban, an sauya sunayen mutanen ciki, gulbin ma an mayar da shi wani gari. Mahmuda ya kwashe kayansa da Hasana suka koma Bukkuyum. Yana can, ya bar rediyo ya koma gyaran wayar hannu da ta shigo. Hasana ta ce mini bai sake rubuta ko layi ɗaya ba. Na je musu sau biyu. A zuwan ƙarshe na sake tambayarsa, tsakaninsa da Allah, ko da gangan ya ba da sunan. Ya ce, "Dija, ni kaina na tambayi kaina har na gaji." Na dubi fuskarsa da kyau, kuma har yau ban yanke hukunci ba.

Makaranta kuwa ba ta kai ƙarshen watan ba. Malam da kansa ya ce wa 'yarsa ta dakata, ko bakin mutane zai mutu. Ranar ƙarshe na je da wuri. Ta shimfiɗa tabarmi duka har bakin rijiya, yadda take yi a da. Ta karɓi karatun kowa ɗaya bayan ɗaya, ta tsayar da ni a wata aya ta sa na maimaita har bakina ya faɗa daidai, kamar gobe ma za mu dawo. Da aka shafa fatiha ta ce daga yau an rufe, wadda ta ɓata wa ta yafe mata.

Na ce, "Haba Malama! Wallahi duk matan garin ga sun san ba ke ta ba. Kowa ya sani!"

Ta fara naɗe tabarmar da ke gabanta. Ta ce, "Na san sun sani, Dija. Su wa sunka zo?"

Na waiga tsakar gidan. Daga ni sai tsofaffi biyu da ba su da mazan da za su hana su.